Horon Masu Renon Yara: Abin Da Ƙungiya Za Ta Iya Yi

Ƙungiyoyin manoma da yawa sun buɗe ɗakin renon yara, domin iyaye mata su sami zuwa gona da damina hankali kwance. Waɗansu a zauren majami'a suke yi, waɗansu a ƙarƙashin rumfa. Wannan abu ne mai kyau. Amma mun lura akan kashe kuɗi a kan kwanon rufi da benci da allo, a manta da matar da za ta wuni da yaran. Sai a ɗauko yarinyar da ta gama sakandare ba ta sami aiki ba, ko wata dattijuwa mai haƙuri, a ce ai kowace mace ta iya reno.

Renon ɗanka daban ne, riƙon 'ya'yan mutane 30 kuma daban. Idan zawo ya kama yaro ɗaya, kuma duka suna shan ruwa da moɗa ɗaya, kafin mako ya ƙare ya zaga ɗakin. Mai reno da aka koya wa aiki ta san ta ware yaron, ta sa kowa ya wanke hannu da sabulu, ta dama ƙullin ORS a cikin ruwa mai tsabta gwargwadon awon da aka rubuta a jikin ledar, ta kuma tura uwar asibiti a ba yaron ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Ta san amfani da tef ɗin awon damtse. Idan damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 bai kai santimita 11 da rabi ba, tef ɗin yana nuna ja, wato tamowa ta yi tsanani, a kai shi asibiti ran nan. Ba a haifi kowa da sanin waɗannan ba.

Haka kuma wajen koyarwa. Wadda ba ta sami horo ba takan yi abin da aka yi mata a firamare: ta zaunar da ɗan shekara 3 yana haddar baƙaƙe, da bulala a hannunta. Yaro a wannan shekaru da wasa yake koyo, da waƙa da tatsuniya, da ƙirga tsakuwa da ginin laka. Iyaye ma sukan matsa mata, suna so su ji yaro yana Turanci. Sai malamar da ta san aikinta ce za ta iya yi musu bayani ba tare da faɗa ba.

Gwamnati ta daɗe da sanin wannan. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ambaci makarantun yara ƙanana, amma ya bar yawancin aikin a hannun masu zaman kansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ita ce ta sa renon yara ƙanana cikin ilimin tushe. Tsarin 2013 ya ce mai reno ɗaya ga jarirai 10, malama ɗaya ga yara 25 a ajin nazare. Kowane kwamiti ya ƙirga yaransa ya gani.

To, ina za a sami horon? A fara da na kusa, wanda ba ya cin kuɗi sosai. A roƙi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin sha-ka-tafi ta zo ta yi wuni biyu da masu reno. A biya wa malama kuɗin mota ta je ta yi mako guda a wani ɗakin reno da ya yi suna. A kuma kai sunanta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a roƙa a tuna da ita idan za a yi bita. Da rani ya kamata a yi duk wannan, lokacin da iyaye suke gida.

Wadda ta nuna ƙwazo kuma tana da takardar sakandare, a taimake ta ta nemi NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashen renon yara, karatun shekara 3 ne. Matar aure da ba za ta iya barin gida ba, sai ta tambayi Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a Kaduna a 1976. Tana koyarwa daga nesa, ana haɗuwa ƙarshen mako da lokacin hutu.

Mun san abin da ma'ajin ƙungiya zai ce: mu biya mata, ta sami takarda, ta tafi birni. Yana faruwa, ba mu musa ba. Amma galibi abin da yake korarta shi ne wata uku ba a biya ta ba. Saboda haka a zaɓi wadda take da gida da gona a garin. A zauna da ita da mijinta ko iyayenta a rubuta yarjejeniya: ƙungiya ta biya kuɗin makaranta, ita kuma ta yi aiki shekara biyu ko uku bayan ta gama, in ta fasa ta mayar da kuɗin. A ƙara mata albashi ranar da ta kawo takardar. Inda kuɗi ya yi wuya, a ware mata buhunan hatsi tun da kaka, kafin a raba riba. Kuma a horar da mata biyu tare, domin ranar da ɗaya ta tafi karatu ko ta haihu, kada a rufe ɗakin ana tsakiyar noman farko.