Fentin Gindin Jirgi da Riɗin Gumel

Riɗi da zoɓon da manoman Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suke nomawa, a tara su a kasuwar Maigatari, a loda wa manyan motoci zuwa Legas, ba sa isa Japan ko Meziko sai bisa jiragen ruwa. Saboda haka duk abin da ya nauyaya tafiyar jirgi, ko da manomi bai taɓa ganin bahar ba, yana da hannu cikin farashin buhunsa.

Ita teku ba ta barin gindin jirgi fes. Gansakuka takan fara kama shi, sa'an nan ƙananan halittu masu ɓawo su manne, har jirgin ya rasa santsinsa, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Mutanen dā sun shafa kwalta, sojan ruwan Ingila suka lulluɓe jirginsu da jan ƙarfe a 1761, daga bisani aka zo da fenti mai gubar TBT, wanda ya yi aiki ƙwarai, amma ya halaka kawar da masunta ke kiwo a gaɓar Faransa, har ƙasar ta taƙaita shi a 1982, haramcin duniya kuma ya tabbata a 2008.

Daga nan masana suka sauya dabara, suka ce maimakon a kashe halittar, a hana ta wurin riƙo. Akwai wasu sinadarai, dangin sabulu a ɗabi'a, waɗanda gefe ɗaya na ƙwayarsu yake son ruwa, ɗaya gefen kuwa, mai ɗauke da fulorin, yake ƙin ruwa da mai baki ɗaya. Idan aka cuɗa su cikin fenti suka taso samansa, sai ƙaron da halittar take mannewa da shi ya kasa kamawa, abin da ya ɗan liƙe kuma gudun jirgi ya wanke shi. Hikima ce babba, wallahi.

Sai dai fuƙaha'u sun hana a gusar da cuta da wata cuta irinta, kuma nan ne zuciyata ba ta kwanta ba, domin haɗin fulorin da kabon yana da ƙarfin da ruwa da rana ba sa warware shi, yakan daɗe cikin kifi da jinin ɗan Adam. Tuni yarjejeniyar Stockholm ta sa wa wasu daga dangin waɗannan sinadarai takunkumi, kamar PFOS a 2009 da PFOA a 2019. Wajibi ne a binciki kowane sabon fenti kafin a sake shi cikin teku.