Lambar Waya a Bangon Tashar Mota

A watan Agustan 1995 jami'an gwamnati suka kutsa wani gida a El Monte, kusa da Los Angeles a jihar Kalifoniya, suka tarar da 'yan ƙasar Tailan 72 suna ɗinkin tufafi a bayan shingen waya mai ƙaya. Wasunsu sun shekara bakwai a ciki. Gidan kuwa a tsakiyar unguwa yake, motoci na wucewa ta ƙofarsa dare da rana. Ban da shingen, akwai bashin da ba ya ƙarewa, da fasfo da aka ƙwace, da barazanar cutar da iyali a gida. Ko mutum ya haura katanga, bai san harshen ƙasar ba, bai san wa zai kira ba.

Amurka ta yi dokar tarayya kan safarar mutane a 2000, har da biza ta musamman ga waɗanda aka ceto, kuma a 2007 ƙungiyar Polaris ta fara kula da layin wayar agaji na ƙasa baki ɗaya. Sai dai layin waya ba ya amfanar wanda bai taɓa ganin lambarsa ba. Wannan giɓin Kalifoniya ta nemi toshewa da dokar da Gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2012, wadda ta wajabta wa tashoshin bas da na jirgin ƙasa, matsayar manyan motoci, gidajen giya, ɗakunan gaggawa na asibitoci da masu ɗaukar leburorin gona su liƙa sanarwa mai ɗauke da lambar a inda ido zai kai. Daga baya aka ƙara da otal-otal.

Dokar ta shiga ƙananan abubuwa, kuma nan ne basirarta take. Ta faɗi girman takardar da girman haruffa. Ta ce a rubuta da Turanci da Sifaniyanci da wani harshe na uku da ya fi yawan masu jinsa a gundumar. Tarar da ta fara da ita dala 500 ce a karon farko, 1,000 idan aka maimaita, amma sai an ba mai wurin gargaɗi da wa'adin kwana 30.

To wa zai kai gargaɗin? Majalisar jiha ba ta da ƙafar zagaya gidajen giya. Masu duba lasisi ne da lauyoyin birni da na gunduma, waɗanda dama ke shiga waɗannan wuraren don wasu ayyuka. Inda majalisar gunduma ta ɗauki dokar a matsayin tata, ta buga takardu, ta sa duba su cikin aikin ma'aikatanta, sai a gan su a bango. Inda aka tsaya a jawabin goyon baya, bangon zai zauna fayau.

Ba na cewa takarda na ceton mutum ita kaɗai. Da yawa ba sa kallon kansu a matsayin waɗanda aka yi safararsu, gani suke bashi suke biya. Kuma idan yarinya ta kira da tsakar dare aka rasa ɗakin da za ta kwana, wurin uwar ɗakinta za ta koma.

A Najeriya hukumar NAPTIP na aiki tun 2003, tana da gajeriyar lambar kira, 627. Tsarin mulkin 1999 kuma ya damƙa tashoshin mota da kasuwanni da bandakunan jama'a a hannun ƙananan hukumomi 774. Ta waɗannan tashoshi ake wucewa da 'yan mata da samari zuwa Agadas da Libiya. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya bukatar izinin Abuja kafin ya kira shugabannin 'yan kamasho da sarkin tasha ya ce a liƙa lambar da boko da ajami, a riƙa kuma faɗinta a lasifika saboda waɗanda ba sa karatu.