MUDUN DA A KE AUNA TALLAFIN MAI DA SHI

Malamai da fatake masu karanta wannan fili sun sha jin maganar tallafin mai, musamman tun ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare a Nijeriya. Kafin mako ya zagayo, litar da a ke saya wajen Naira 190 ta kai wajen Naira 500. Mutane da yawa sun yi gardama a kan cire tallafin, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi ma'anarsa, da kuma yadda a ke auna shi. Alhali kuwa ɗan kasuwa ya sani sarai ba a ƙulla cinikin hatsi sai an daidaita a kan mudu, gama mudun wata kasuwa ya kan fi na wata ciki.

Abin da a ke nufi da man da a ke tallafa wa shi ne dukan makamashin da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, watau fetur da kananzir da dizal da iskar gas da gawayin kwal. Amma ta'arifin tallafi kansa, to, a nan ne masana suka saɓa. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta soma aiki a 1995, ta ce tallafi shi ne gudummawar dukiya daga hannun hukuma wadda ta jawo wa wani amfani, ko da kyautar kuɗi ce, ko harajin da ya wajaba aka yafe, ko kaya da aka bayar a ƙasa da kimarsu. Wannan ta'arifi yana da faɗi ƙwarai, don haka masu lissafi suka rabu, kowa ya sassaƙa mudunsa.

Mudu na farko shi ne na Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda a ke kira IEA, mai zama a birnin Faris tun 1974. Awonta na tazarar farashi ne. A kan duba abin da lita guda za ta ci in an sayo ta a kasuwar duniya, a haɗa da kuɗin jirgin ruwa da na sauke kaya da na dako da ribar mai sayarwa. Sa'an nan a duba abin da mai mota ya ke biya a gidan mai. Bambancin da ke tsakani, in an ninka shi da yawan litocin da aka sha a shekara, shi ne tallafi. Misali, a ce lita ta iso tashar jirgin ruwa ta Ikko, ta kai gidan mai a kan Naira 400, hukuma kuwa ta ce a sayar Naira 190. To, kowace lita tana ɗauke da tallafin Naira 210 ke nan. Da wannan awo hukumar ta ce tallafin masu amfani da makamashi a duniya ya haura Dalar Amurka tiriliyan 1 a shekarar 2022, ninki biyu na shekarar da ta gabace ta.

Dalilin wannan hauhawa abin lura ne. A watan Fabrairu na 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, farashin mai da gas ya tashi a kasuwar duniya. Ƙasar da ta bar farashinta na gida inda ya ke, ko ba ta sake doka guda ba, sai ta wayi gari tallafinta ya kumbura bisa wannan awo. Har wa yau, ƙasashe masu rijiyoyin mai, irin su Saudiyya, sun daɗe suna musun wannan lissafi. Hujjarsu ita ce, manomin da ya ci geron gonarsa bai yi hasara ba muddin ya fanshe kuɗin noma, don haka kamata ya yi a auna da kuɗin haƙowa. Masu ɗaya ra'ayin kuwa suka amsa cewa buhun da aka ci a gida da an kai shi kasuwa da ya kawo kuɗi, kuma wannan kuɗin da aka rasa shi ne tallafin.

Mudu na biyu na ƙungiyar OECD ne, ta ƙasashe masu arziki, ita ma a Faris ta ke. Ita tana bin littattafan baitulmali ne layi layi, tana ƙidaya kowane kuɗi da hukuma ta fitar da kowane haraji da ta yafe, ga mai saye ko ga kamfanin haƙa. Wannan awo ya kan kama abin da na farko ya tsallake. A Ingila, a shekarar 2023, harajin sayen kaya kashi 20 ne cikin 100, amma a kan gas da lantarki na gidaje kashi 5 kaɗai a ke karɓa. Bisa mudun OECD wannan rangwame taimako ne ga makamashi. Gwamnatin Ingila kuwa ta sha cewa ba ta ba da tallafin mai ko kaɗan, domin ita da mudun farko ta ke awo, kuma mutanenta ba su saye a ƙasa da farashin duniya.

Mudu na uku shi ne mafi girma, na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, watau IMF, da ke birnin Washintan. A rahotonsa na 2023 ya ce tallafin makamashi a duniya ya kai Dala tiriliyan 7 a shekarar 2022, kimanin kashi 7 cikin 100 na dukan arzikin da duniya ta samar a shekarar. Wanda ya ji wannan adadi zai zaci hukumomi sun zuba wannan kuɗi ne daga aljihunsu. Abin da ya ke tallafi na sarari a ciki Dala tiriliyan 1.3 ne. Sauran tiriliyan 5.7 asusun ya kira su tallafi na ɓoye, watau kimar ɓarnar da mai ƙona mai ya ke jawo wa jama'a ba tare da ya biya ba: cututtukan ƙirji daga hayaƙi, ɗumamar yanayi, cunkoson hanya, haɗarin mota, da harajin da ya kamata a aza ba a aza ba. Kamar majemi ne da ya ke zubar da ruwan jima a rafin gari; fatarsa ta yi araha domin masu shan ruwa ne suka ɗauki sauran kuɗin da lafiyarsu. Lalle ɓarnar gaskiya ce, sai dai kimarta da ƙiyasi a ke fitarwa, ba a samun ta rubuce cikin littafin ma'aji.

Wannan saɓani ya hana alkawura cika. A watan Satumba na 2009 shugabannin manyan ƙasashe 20 suka taru a Pittsburgh ta Amurka, suka yi alkawarin janye tallafin makamashi maras amfani sannu a hankali. Ba su daidaita a kan ta'arifi ba, aka bar kowace ƙasa ta auna kanta, waɗansu kuwa suka dawo da rahoton cewa ba su da irinsa ko ɗaya.

A Nijeriya da mudun farko a ke awo, amma rigimar ta fi yawa a kan adadin litoci. Ran 1 ga Janairu na 2012 gwamnatin Shugaba Jonathan ta ɗaga lita daga Naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki, aka sauko zuwa 97. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya bincika a wannan shekara ya tarar an ware Naira biliyan 245 a kasafin 2011, amma abin da aka biya ya haura tiriliyan 2.5. Ya kuma tarar ana biyan tallafin lita miliyan 59 kowace rana, alhali abin da ƙasar ke sha wajen miliyan 35 ne. Wani man a takarda kaɗai ya iso, wani kuma ya bi hannun 'yan fasa-ƙwauri zuwa Nijar da Binin da Kamaru, inda lita ta fi tsada.

Bayan haka sunan abin ma ya sake. A watan Mayu na 2016 aka ɗaga lita zuwa Naira 145, aka ce an bar tallafi. Da farashin duniya ya tashi, sai kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya riƙa sayarwa a ƙasa da kuɗin da ya sayo, yana cire giɓin daga kuɗin da zai zuba a asusun tarayya kafin a raba wa jihohi. Majalisa ba ta ga kalmar tallafi a kasafi ba, amma jihohi sun ga raguwar rabonsu. A 2022 kuɗin ya haura Naira tiriliyan 4. Haka kuma bayan sanarwar 2023, da darajar Naira ta faɗi alhali an riƙe farashin gidan mai, asusun IMF ya ce a 2024 tallafin ya komo ta bayan gida.

Saboda haka duk wanda aka faɗa wa adadin tallafi, ko a rediyo ko a bakin ɗan siyasa, ya kamata ya bincika da wane farashi aka gwada, da kuɗin wace ƙasa aka yi lissafin, wa ya ƙidaya litocin, kuma ko an sa harajin da aka yafe da ɓarnar hayaƙi a ciki. Talakan da ke biyan kuɗin mota da na niƙa yana da hakkin a nuna masa nawa aka tara bayan cirewa da inda aka kai shi, hakan kuwa ba ya yiwuwa sai an san nawa a ke biya tun farko, da mudun da kowa ya gani.