Sayen Babur Mai Ƙafa Huɗu Domin Farauta da Aikin Daji

Akwai wani irin abin hawa da ake ƙerawa musamman domin wuraren da mota ba ta iya shiga, watau babur mai ƙafa huɗu. Ana hawansa kamar yadda ake hawan babur, amma tayoyinsa huɗu ne, gajeru, masu faɗi. Manoma da masu garke da maharba da ma'aikatan gandun daji a ƙasashe da yawa suna amfani da shi wajen zagaya gona, da kai wa dabbobi ruwa, da ɗauko nama daga daji. An shirya wannan bayani domin wanda bai taɓa mallakar irinsa ba, kuma yana niyyar saye.

Galibi wanda ya fara ganin wannan babur yakan ce a ransa, abin da ke da ƙafa huɗu ai ba ya faɗuwa. Wannan zato shi ne babban abin da ke jawo hasarar dukiya da ta rai. Asalinsa ma ƙafa uku gare shi. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ne ya fito da shi a Amurka cikin 1970, sa'an nan cikin 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu. Masu ƙafa ukun nan sun yi ta kifewa da mutane, har cikin 1988 Gwamnatin Amurka da kamfanonin suka yi yarjejeniya aka daina sayar da sababbinsu. Ƙarin ƙafa ɗaya ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba.

Dalili kuwa shi ne, babur ɗin ba shi da faɗi, ga shi an ɗaga cikinsa sama domin kada ya bugi kututture ko dutse, mahayi kuma yana zaune can bisa. Saboda haka nauyinsa yana sama, kuma gangare kaɗan, ko shuri, ko ramin da ciyawa ta rufe, ya isa ya juya shi. Na aiki yakan kai kilo 250 zuwa 350 tun ba a ɗora masa kome ba. In ya danne ƙirjin mutum a daji, inda babu mai ɗaga shi, numfashi yakan gagara, ko da babu ƙashin da ya karye. A ƙasar Ostareliya, inda manoma da yawa suka rasu ta wannan hanya, tun watan Oktoba na 2021 doka ta tilasta a kafa wa kowane sabo na aiki wani ƙarfe a bayan sirdi, wanda zai tokare ƙasa in ya kife, ya bar wa mahayi sarari. Mai saye ya kamata ya tambayi dillali ko ana samun wannan ƙarfe.

Sirdinsa dogo ne, har mutum ya ce an yi shi domin mutum biyu. Ba haka ba ne. An tsawaita shi ne domin mahayi ya riƙa matsawa gaba in yana hawan tudu, ya ja baya in yana gangarawa, ya karkata jikinsa wajen da zai juya. Da jiki ake tuƙa shi, ba da hannu kaɗai ba. In aka goya wani, to, an tsare wa mahayi wurin motsi. Don haka kamfanonin suke manna gargaɗi a jikinsa: kada a yi goyo, kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya hau na manya, kada a hau ba hular kwano, kada kuma a bi kwalta da shi. Maganar kwalta takan ba mutane mamaki. Da yawa daga cikinsu tayoyin baya a kan ƙarfe guda suke, suna juyawa daidai wa daida. A kan ƙasa ko yashi, in an zo kwana, tayar ciki takan ɗan zame, babur ya juya lafiya. Kwalta kuwa riƙe taya take yi, sai ya ƙi juyawa, ko ya ɗaga ƙafa. Wanda aikinsa ya ƙunshi ɗaukar ɗan'uwa ko leburori, ko zuwa kasuwa bisa titi, wannan ba abin hawansa ba ne. Akwai wani iri mai sitiyari da kujera biyu da ɗamara da ƙarafan rufi, shi ya fi dacewa da ɗaukar mutum, ko da yake ya fi tsada, kuma ya fi faɗin da zai ratsa tsakanin itatuwa.

Kafin a je wurin dillali, sai mutum ya zauna ya lissafa kayan da zai riƙa ɗauka. Kariyar gaba takan ɗauki kilo 30 zuwa 45, ta baya 60 zuwa 90, gwargwadon girman babur, kuma an rubuta adadin a jikinsa. Ke nan buhun taki ɗaya mai kilo 50 ya hau baya lafiya, amma babban buhun masara mai kilo 100 ya wuce ƙa'ida. Tankin feshi ya fi kome ha'inci, gama kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ruwan kuma yana kaɗawa, ya koma gefen gangare daidai lokacin da ba a so. Kaya masu nauyi a ƙaramar tirela ake jan su, da ƙaramar giya, a hankali.

Wajen girman inji, dillali zai so ya sayar da babba. Amma mai ƙarfin si-si 400 zuwa 500 ya ishi aikin gona da farauta, ba ya cin mai da yawa, kuma ba ya fizgar sabon mahayi. Wanda ƙasarsa tudu ce mai tauri, mai jan ƙafa biyu ya wadatar da shi. Wanda zai ratsa fadama da damina, ko rairayin rafi da rani, lalle ya nemi mai jan ƙafa huɗu.

Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne kayan gyara da bakanike. Babur ɗin da za a jira wata biyu kafin a kawo masa bel daga ƙasar waje, ba shi da amfani ranar girbi. Mai kafireta, bakaniken babur na ƙauye yana iya kwance ta ya wanke. Mai zuba mai ta hanyar lantarki ya fi saurin tashi, amma in ya lalace sai an kai shi birni. Mai lagireto yana jure aiki a hankali cikin zafi, muddin ana cire masa laka da 'ya'yan ciyawa da ke toshe shi. Ƙurar hunturu kuma tana bukatar a riƙa wanke matatar iska a kai a kai. Tayoyin iska kaɗan suke sha, awo 3 zuwa 7, alhali tayar mota tana shan wajen 30. Mai faci da bai saba ba yakan cika su kamar na mota, babur ya riƙa tsalle. Sai a sayi ma'aunin iska nasa na musamman, da kayan faci, domin ƙayar aduwa ba ta raga wa taya.

In na hannu za a saya, a duba baƙin mai: in ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga inji. A buɗe gidan matatar iska, in akwai busasshiyar laka a ciki, an taɓa nutsar da shi. A ɗaga kowace ƙafa a girgiza, a ji ko boris ya saki, a duba robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafafu ko sun yage. Lambar shasi kuma ta dace da wadda ke cikin takardun kwastan da rasit.

Ga maharba akwai wata magana dabam. Tun yarjejeniyar kare namun daji da aka yi a Landan cikin 1933, da wadda ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a birnin Aljiyas cikin 1968, an hana korar dabba ko harbinta daga kan abin hawa mai inji. Gandun daji irin na Yankari kuwa ba a farauta a cikinsa ko kaɗan. Aikin babur shi ne ya kai maharbi bakin dajin da aka yarda, ya komo da shi da abin da ya samu. Bindiga a cire mata harsashi, a sa ta cikin kube, a ɗaure bisa kariya, kada a rataya ta a baya. Nama kuma a raba shi gaba da baya, a ɗaure tamau. Wanda zai fita shi kaɗai ya gaya wa mutanen gida wajen da ya nufa, da lokacin da za su sa ran komowarsa.