Farashin buɗe baki: masu ba da shaida da gungun Mafiya a ƙagaggun labaran laifi

Daga cikin ƙagaggun labaran laifi da marubutan Amurka da na Turai suka shahara da su, akwai wani reshe da ya ɗauki mai ba da shaida a matsayin tauraronsa maimakon ɗan sanda ko ɓarawo, wato mutumin da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ko kuma wanda ya daɗe cikin gungun masu laifi har ya san sirrinsu, sannan ya yarda ya tsaya gaban kotu ya faɗi abin da ya sani. Da yake irin wannan mutum ba ya iya komawa gidansa bayan ya yi magana, hukuma takan ɗauke shi da iyalinsa ta sauya musu suna da gari, kuma wannan tsari, wanda ake kira shirin kare shaidu, shi ne ginshiƙin da labaran suke tsayawa a kansa. Mai karatun da ya saba da littattafan James Hadley Chase, waɗanda suka yi tashe a Nijeriya shekaru da dama, zai tarar da bindiga da gudu da farauta a nan ma, amma mafi ingancin waɗannan littattafai sun fi damuwa da wata tambaya ta daban, ita ce abin da yake saura ga mutum bayan an raba shi da sunansa da danginsa da garin haihuwarsa domin a tsirar da ransa.

Tushen lamarin yana cikin ɗabi'ar Mafiya, wadda ƙungiya ce ta masu laifi da ta samo asali a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya kafin ta yi rassa a biranen Amurka, kuma ƙarfinta ya dogara ne a kan dokar kame baki da ake kira omerta, wadda ta haramta wa ɗan ƙungiya, har ma da wanda aka zalunta, kai magana ga hukuma. Marubucin Sisili Leonardo Sciascia ya nuna yadda wannan doka take aiki a littafinsa Il giorno della civetta na 1961, inda aka harbe wani ɗan kwangilar gini a dandalin gari yana ƙoƙarin shiga motar haya, sai fasinjojin suka watse ɗaya bayan ɗaya kafin jami'an tsaro su fara tambaya, ya zamana kisa ya auku a bainar jama'a ba tare da an samu wanda ya yarda ya gani ba. Jami'in da ya binciki lamarin, Kyaftin Bellodi, wanda baƙo ne daga arewacin Italiya, ya gano gaskiya amma shari'ar ta rushe, kuma mutumin da ya tsegunta masa sunaye bai daɗe a raye ba. A wancan zamani babu wani tsari da zai kare mai magana, saboda haka labarin mai shaida gajere ne, kuma ƙarshensa kabari.

A Amurka abin ya fara sauyawa a 1963, lokacin da Joseph Valachi, ƙaramin ɗan gungun Genovese na birnin Niyok, ya bayyana gaban kwamitin majalisar dattawa, ana nuna shi a talabijin, ya zayyana yadda ake rantsar da sabbin 'yan ƙungiya da yadda aka tsara shugabancinta. Valachi bai yi haka don tuba ba, domin yana kurkuku ne a Atlanta lokacin da ya kashe wani fursuna bisa zaton cewa ubangidansa Vito Genovese ne ya turo shi, sai ya ga ba shi da mafita illa ya jingina da gwamnati. Ɗan jarida Peter Maas ya mayar da bayanansa littafi a 1968, shekara ɗaya kafin Mario Puzo ya fitar da The Godfather, kuma daga nan masu karatu suka samu hanyoyi biyu na kallon Mafiya, ɗaya ta bakin ubangida mai alfarma, ɗaya kuma ta bakin yaron da ya juya masa baya. A 1970 majalisar Amurka ta zartar da dokar yaƙi da gungun masu laifi, wadda ta bai wa Ma'aikatar Shari'a ikon ɓoye shaidu, kuma wani lauyan ma'aikatar mai suna Gerald Shur ne ya tsara shirin, aka ɗora aikin gudanar da shi a kan jami'an Mashal, waɗanda su ne masu tsaron kotunan tarayya. Wanda aka karɓa yakan sa hannu a yarjejeniya, a ba shi sabon suna da takardun da suka dace da sunan, a kai shi garin da ba a san shi ba, a riƙa ba shi kuɗin masarufi har ya samu aiki, bisa sharaɗin cewa ba zai taka tsohon garinsa ba kuma ba zai tuntuɓi danginsa ba sai ta hannun jami'ai. Daga 1971 zuwa yau mutanen da suka shiga shirin, haɗe da iyalansu, sun kai kimanin 19,000.

A nan ne ƙagaggen labari ya fara rabuwa da zahiri, domin marubuta sun fi son mai shaida marar laifi, wanda mai karatu zai tausaya masa ba tare da jin nauyi ba. John Grisham, wanda lauya ne kafin ya zama marubuci, ya zaɓi yaro ɗan shekara 11 mai suna Mark Sway a littafinsa The Client na 1993, ya sa wani lauyan Mafiya ya gaya masa inda aka binne gawar wani sanata kafin ya kashe kansa, sai yaron ya tsinci kansa tsakanin masu gabatar da ƙara da suke so ya yi magana da 'yan gungun da suke so ya yi shiru har abada. Elmore Leonard kuma, a Killshot na 1989, ya ɗauki wasu ma'aurata talakawa daga jihar Michigan, mijin ma'aikacin ƙarfe ne a wurin gine-gine, waɗanda suka ga fuskar wani makashi bisa tsautsayi, aka kwashe su zuwa wani gari a jihar Missouri. Shur da kansa ya ƙiyasta cewa kusan kashi 95 cikin 100 na shaidun da ke cikin shirin masu laifi ne, kuma dalilin haka a fili yake, tunda wanda ya san inda aka binne gawa yawanci yana cikin waɗanda suka haƙa ramin.

Wata dabarar da marubuta da masu shirya fim suka yi ta maimaitawa har ta tsufa ita ce ta maci amana a cikin hukuma, wanda yake sayar wa gungun da adireshin mai shaida, kamar yadda aka gani a fim ɗin Eraser na 1996. Ana iya fahimtar dalilinsu, domin idan ɓuya ta yi nasara labarin ya ƙare tun a babi na biyu. Sai dai jami'an Mashal sun daɗe suna iƙirarin cewa ba a taɓa kashe mai shaidar da ya bi ƙa'idojin shirin yana ƙarƙashin kariyarsu ba, kuma waɗanda aka kashe galibi su ne waɗanda kewa ta ja su suka koma. Brenda Paz, yarinya 'yar shekara 17 da ta ba da bayani a kan gungun MS-13, ta bar inda aka ɓoye ta ta koma wajen tsofaffin abokanta, kuma a 2003 aka tsinci gawarta a bakin wani kogi a jihar Virginia. Leonard ya nuna basira a nan cikin Killshot, domin maimakon ya ƙirƙiri babban maƙarƙashiya sai ya sa jami'in da aka ɗora wa kula da ma'auratan ya zama mai takura wa matar, har ta gane cewa kariyar da aka yi mata alkawari wani sabon haɗari ne, kuma a ƙarshe ita da kanta ta harbe makashin a cikin gidanta.

Littafin da ya fi kusantar ainihin rayuwar ɓuya bai ma kasance ƙagagge ba, shi ne Wiseguy na Nicholas Pileggi da ya fito a 1985, wanda ya ba da tarihin Henry Hill, ɗan kanzagin gungun Lucchese da ya shiga shirin a 1980 bayan an fara kashe waɗanda suke da hannu a fashin Lufthansa na 1978 a filin jirgin saman Kennedy, inda aka kwashe kimanin dala miliyan 5. Martin Scorsese ya mayar da shi fim ɗin Goodfellas a 1990, kuma abin da ya sa ƙarshensa ya tsaya a zukatan masu kallo shi ne cewa Hill bai nuna nadamar laifukansa ba, abin da yake kuka da shi kawai shi ne ya zama mutum gama-gari mai bin layi kamar kowa. Wannan gundura ta zama abin raha ga wasu marubuta, har Tonino Benacquista na Faransa ya rubuta Malavita a 2004, inda aka ɓoye wani tsohon ubangidan Mafiya na Amurka da iyalinsa a wani ƙaramin gari na yankin Normandi, suka kasa daina warware ƙananan rigingimun maƙwabtaka da duka da ƙone-ƙone. Barkwancin yana da tushe, domin Hill na gaske ya ci gaba da harkar ƙwaya har aka kore shi daga shirin.

Inda wannan reshe na adabi ya fi zurfi shi ne wajen waɗanda ba su zaɓi komai ba amma aka kwashe su tare da mai shaida, wato mata da 'ya'ya. Tun kafin a kafa shirin a hukumance, a 1967, wani ma'aikaci a birnin Buffalo mai suna Thomas Leonhard ya wayi gari bai san inda 'ya'yansa suke ba, saboda tsohuwar matarsa ta auri wani ɗan gungu da ya ba da shaida, gwamnati ta ɓoye su baki ɗaya, kuma ya shafe shekaru yana shari'a kafin ya sake ganinsu. Leslie Waller ya rubuta labarinsa a Hide in Plain Sight, wanda aka yi fim ɗinsa a 1980. Ba abin mamaki ba ne cewa wasu daga cikin littattafai mafi tsanani a wannan fanni an rubuta su ne don matasa. Robert Cormier, a I Am the Cheese na 1977, ya bi yaron da ya gano a hankali cewa sunan da yake amsawa ba nasa ba ne, cewa mahaifinsa ɗan jarida ne da ya tona asirin wasu manya, kuma cewa jami'in da yake kula da su ba lalle ne yana son su rayu ba. Jacqueline Woodson kuma, a Hush na 2002, ta kawar da Mafiya gaba ɗaya ta sa mahaifin yarinyar ya zama ɗan sanda baƙar fata a birnin Denver da ya ba da shaida a kan abokan aikinsa fararen fata da suka kashe wani yaro, sai iyalin suka rasa gida da kaka da ƙawaye, mahaifin ya zauna bakin taga ya daina magana. Ga mai karatun da ya tashi inda ake sanin mutum da gidansu da unguwarsu, inda rashin zuwa jana'izar mahaifi abin kunya ne har mutuwa, nauyin wannan hukunci ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma cinikin da hukuma take yi da mai laifi, wanda yawancin ƙagaggun labarai sukan wuce shi da sauri duk da cewa a nan ne tambaya mafi wuya take. Salvatore Gravano, mataimakin John Gotti, shugaban gungun Gambino, ya amsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19, amma saboda shaidarsa ta 1992 ce ta kai Gotti ɗaurin rai da rai, sai aka yanke masa shekara 5 kacal, kuma a 2000 aka sake kama shi a jihar Arizona da laifin safarar ƙwaya. Kafin shi akwai Marion Pruett, wanda aka sake shi da sabon suna bayan ya ba da shaida a kan wani kisa da aka yi a kurkuku, sai ya kashe mutane da dama a 1981, kuma irin wannan ta'asa tana cikin abin da ya sa majalisa ta yi wa shirin garambawul a 1984, ta wajabta auna haɗarin da mai shaida zai iya zama ga garin da za a kai shi, ta kuma tanadi haƙƙin iyayen da aka raba da 'ya'yansu. Grisham ya taɓo wannan ciniki a The Racketeer na 2012, inda wani lauya da ke ɗaure ya sayar wa hukuma da sunan wanda ya ce shi ya kashe wani alƙali, ya karɓi 'yanci da sabuwar fuska, alhali yana amfani da shirin ne don cimma wata manufa tasa, amma marubucin ya sa mai karatu ya goyi bayan mayaudarin, wanda hakan ya rage wa tambayar kaifi.

A Italiya ba a samu sararin yin raha da lamarin ba sosai, domin farashin ya yi tsada ƙwarai. Tommaso Buscetta, wani ɗan Mafiyar Sisili, ya fara magana da alƙali mai bincike Giovanni Falcone a 1984, bayan abokan gabarsa na gungun Corleone sun hallaka 'ya'yansa maza biyu da wasu danginsa, kuma bayanansa ne suka zama ƙashin bayan babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987 da aka gurfanar da mutum 475. Dokar kare tubabbun 'yan Mafiya, waɗanda Italiyawa suke kira pentiti, ta zo a 1991, a shekarar da ta biyo baya kuma aka kashe Falcone da abokin aikinsa Paolo Borsellino da bama-bamai, sannan a 1993 aka sace Giuseppe Di Matteo, ƙaramin yaron wani tubabbe, aka tsare shi fiye da shekara biyu don mahaifinsa ya janye shaidarsa, daga baya aka kashe shi. Fim ɗin Il traditore na Marco Bellocchio, wanda ya fito a 2019, ya nuna Buscetta yana zaman ɓuya a Amurka cikin tsufa da bindiga kusa da hannunsa, kuma a can ɗin ya mutu a 2000. Shi kuwa Roberto Saviano, wanda ya rubuta Gomorra a 2006 a kan gungun Camorra na birnin Napoli, ya zama marubucin da littafinsa ya jefa shi cikin halin taurarin irin waɗannan labarai, domin tun daga wannan shekara yake rayuwa ƙarƙashin rakiyar jami'an tsaro.

Nijeriya ma ta shiga wannan fage ta wata ƙofa, tunda sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba kotu damar sauraron mai shaida daga bayan labule ko da fuska a rufe, tare da ɓoye sunansa da adireshinsa, a shari'o'in da suka shafi ta'addanci da safarar mutane da laifukan kuɗi. Wannan kariya ta cikin ɗakin kotu ce, wadda ta bambanta da ɗauke mutum a sauya masa rayuwa baki ɗaya, kuma mai shaidar da aka rufe wa fuska da safe yakan koma da yamma unguwar da kowa ya san muryarsa da tafiyarsa.