Daga Rumfar Kasuwa Zuwa Tsakar Gida: Haɗarin Da Muke Sayarwa Ba Mu Sani Ba

Idan aka yi maganar haɗari, hankalinmu kan tafi kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa. Amma a ƙauyukan lardin Arewa na Kamaru akwai wani haɗarin da ba ya shiga labarai, wanda ke aukuwa a tsakar gida: ƙuna, gobara da shan guba. Ƙananan yara da mata ne suka fi shan wahalarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna kaɗai tana kashe mutane kimanin 180,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Me ya haɗa ɗan kasuwa da wannan batu? Amsar ita ce, da yawa daga cikin kayan da ke jawo wannan masifa daga hannunmu suke fita. Duk wanda ya ci kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko ta Gidar, ko ya tsallaka Mubi saro kaya, ya san yadda ake auna kananzir da fetur ɗin zuwa-zuwa a kwalaben lemo da gorunan ruwa. Yaro ɗan shekara biyu mai jin ƙishirwa ba ya bambance kananzir da ruwa, kwalba kawai ya sani.

Haka abin yake ga maganin feshi. Yankinmu ƙasar auduga ce, kuma a Garwa hedikwatar kamfanin SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974. Da damina ta kama, maganin ƙwari da na ciyawa sun shiga kusan kowane gida. Wani ya ajiye a ƙarƙashin gado, wani kusa da buhun gero, wata kuma ta wanke jarkar ta mayar ta ɗebo ruwa, alhali wanki ba ya raba ta da guba. Ga kuma sodar da mata ke saye don haɗa sabulu, wadda idan yaro ya kurɓa takan ƙone masa maƙogwaro.

Da hunturu kuwa sai a shiga lokacin gobara. Ana kwana da kaskon wuta a ɗakin ciyawa, ga jarkar fetur a lungu, ga iska. Kananzir ɗin da aka gauraya da fetur don neman riba yakan fashe a fitila ko risho. Kafin a kai wanda ya ƙone asibitin lardi a Garwa, ta hanyar da babur kaɗai ke iya bi, sau da yawa lokaci ya ƙure.

Abin takaici shi ne taimakon da ake bayarwa a gida yakan ƙara ɓarna. Likitoci sun yi gargaɗi cewa kada a sa yaron da ya sha kananzir ko soda ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja, domin kananzir na iya sauka cikin huhu. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalbar abin da ya sha. Ƙuna kuwa, a riƙa zuba mata ruwa mai tsabta marar zafi na tsawon minti 20, ban da shafa ƙwai ko man goge haƙori.

Saboda haka mu ma muna da rawar takawa. Kada mu zuba guba a kwalbar abin sha. Kada mu cire takardar da ke jikin magani, ko mu tsiyaya shi a mazubi marar suna. Mu raba buhunan hatsi da kayan feshi a mota da rumfa. Shugabannin kasuwa su sa ido kan masu gauraya mai. Sannan idan mai saye ya miƙo kuɗi, mu ƙara masa da magana ɗaya: "Alhaji, a ajiye shi sama, inda hannun yara ba ya kai." Wannan ba ta rage ribar kowa, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da iyalanmu.