Shinkafa ta Samar da Aiki a Arewa, Amma a Kan Wane Tushe?

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin ƙangin talauci, kashi 65 cikin ɗari kuma a Arewa suke. Masaƙun Kaduna da Kano sun daɗe da rufewa. Cikin wannan hali shinkafa ce ta ɗan buɗe wa matasa ƙofa.

Ba damina ce ta kawo haka ba, hannun gwamnati ne. A 2015 Babban Banki ya daina sayar wa masu shigo da shinkafa dala, ya kuma fito da bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki. Da waɗannan matakai 'yar waje ta yi wuya, masu kuɗi suka ruga kafa injinan casa, irin su WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017.

Sai dai injin zamani ba ya ɗaukar mutane da yawa. Aikin yana waje: 'yan ƙwadago masu dashe da yanka, mata masu turara a Kura, 'yan dako, direbobi, dillalan shanshera, har da mai gyaran injin ban ruwa. Saurayin da a baya ke tafiya cirani Legas da zarar an kai amfani gida ya sami dalilin zama noman rani. Wannan ita ce babbar riba, kodayake yawanci aikin yini ne, ba albashi.

Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin. Mai saye ya sha tsada, kasuwar kan iyaka a Jibiya da Illela ta yi sanyi, bashin Anchor Borrowers kuwa da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati, ba su mayar ba.

Gwaji ya zo da aka cire tallafin mai a 2023, sannan aka ɗage harajin shigo da abinci na kwana 150 a 2024. Fetur da taki suka hau, daga baya farashin shinkafa ya sauka, injina suka rage aiki, wasu manoma suka janye.

A ganina katanga aka gina wa shinkafar gida, ba a rage mata kuɗin nomawa ba. Muddin manomi na ban ruwa da fetur, mai injin na casa da gas, aikin nan aro ne.